Lambar Masu Gyara

Masu kafa cajar motocin lantarki a garin nan suna da wata ɗabi'a da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa a cikinsu ya san ta. In ka gama kafa caja, injin zai nemi ka ba shi lambar sirri, wadda sai da ita ake shiga cikinsa a canza yadda yake aiki. To su lamba ɗaya suke sawa, su duka, lambobi shida. Hujjarsu ita ce aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Yau kai ka kafa, gobe wani za a kira gyara, kuma ba a kulle wa ɗan'uwa ƙofa a tafi da makulli. Wanda ya kuskura ya sa tasa lambar daban, sai a ce ɗan baƙin ciki ne, a daina kiransa aiki.

Baba Testa yana cikin waɗanda suka fara wannan abu, kuma har bugun ƙirji yake da shi. Shekara talatin da 'yan kai yana aikin wuta. Sunan ya samo shi ne daga testar gwada wuta da ba ta barin aljihun rigarsa, har 'ya'yansa kan ce da ita yake kwana. Da kamfaninsu ya ɗauki wata injiniya, yarinya sa'ar autarsa, ta fara mita a kan kowace caja ta samu lambarta, sai ya kwashe da dariya. Ya tambaye ta ɓarawon me zai shiga cikin caja ya ɗauka, ya kuma ƙara mata da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ita dai ta koma kan kwamfutarta.

Akwai wani gini mai hawa goma sha biyu da shi da kansa ya kafa wa caja goma sha biyu a garejin ƙasa. Wutar da ke shiga ginin ba za ta iya ɗaukar su duka ba in kowace ta ja iyakar ƙarfinta, ga firji da fanka da lifta na gidaje sittin a sama. Saboda haka ya ɗaure su, ya sa wa kowace iyaka, su riƙa raba wutar kaɗan-kaɗan. Caji ya zama da nawa, masu motoci suna ta gunaguni, shi ko a jikinsa. A ginin nan 'yarsa Auta take zaune da mijinta, direban tasi, a hawa na tara.

Kuma a nan jikansa yake. Bakwaini ne, wata biyu ya yi a kwalba a asibiti, sai mako uku da suka wuce aka sallamo shi. Huhunsa bai gama ƙwari ba, don haka aka haɗo su da injin iska, wani akwati mai gurnani a gefen gado, da siririn tiyo zuwa hancin yaron. Injin ba shi da batir. In wuta ta ɗauke, sai a mayar da tiyon kan wata 'yar tukunyar iska ta ƙarfe da ke jingine a bayan ƙofa. Duk gidan Ɗan Kwalba ake ce masa, shi kuma kakan yana kiransa abokina, yana yi masa alkawarin testa in ya yi haƙori.

Ranar Asabar da rana tsaka Baba Testa ya sauka daga bas ya nufi ginin, zai je ganin abokin nasa. Zafi ake yi mai sa mutum ya tsani rigarsa. Maigadi ya tare shi a ƙofa da gaisuwa, suka taɓa 'yar tsokanar da suka saba, sai can a cikin hira, kamar mai ba da labarin kaza ta ɓata, ya ce af, babban makunnin gidan ma yana ta faɗuwa tun jiya. Sau uku ke nan. Amma kada Baba ya damu, shi ya gano maganinsa, da sandar tsintsiya yake tura shi sama, wuta ta dawo nan take.

Baba Testa ya san abin da wannan ke nufi. Makunnin nan ba ya faɗuwa don nishaɗi. In ya faɗi, kaya ne ya yi masa yawa, kuma duk turawar da aka yi masa da ƙarfi yana ƙara cin kansa ne a ciki. Ya bi gangaren garejin da sauri.

Tun kafin ya kai ƙasa ya ji warin. Wari ne da duk mai aikin wuta ya sani, na roba da ta fara dahuwa. Motoci goma sha biyu ya tarar, kowace a gurbinta, kowace da kebul a jikinta, don Asabar ce kowa yana gida. Cajojin suna wani irin kuka mai kauri da bai taɓa jin sun yi ba. Ya leƙa gilashin ta farko, ya ga tana ja iyakar ƙarfinta. Ta biyu haka. Ta uku haka. Ya ɗora bayan hannunsa a kan bututun da manyan kebul suka bi, ya janye da sauri.

A nan ne tsohon ya yi wautar da ɗan koyo ma ba zai yi ba. Abin da ya kamata shi ne ya ruga ɗakin wuta ya kashe makunnin cajojin gaba ɗaya, ta faru ta ƙare, masu motoci su yi ta zage-zagensu. Amma ina, gwani ne shi, zai gyara abin cikin ruwan sanyi ba wanda ya ji. Ya tsaya gaban caja ta farko ya danna lambobinsa shida. Ta ce ba ta san shi ba. Ya goge yatsansa a riga ya sake dannawa a hankali. Ta ƙi. Ya koma ta biyu, ya koma ta uku, duk suka rufe masa ido. Injinan da ya ɗauko a kwali da hannunsa, ya ɗaura su a bango.

Gumi ya karyo masa. Ya ciro waya ya kira injiniyar nan ta ofis, wadda ya yi wa dariya. Ta ɗauka tana cewa Baba lafiya, yau Asabar. Ya ce ta buɗe kwamfutarta ta duba masa ginin nan mai hawa goma sha biyu. Ya ji tana taɓa maɓallai. Ta ce an cire iyakar duka goma sha biyun, ɗaya bayan ɗaya, cikin mako uku. Shekaranjiya kuma wani ya canza lambar sirrin. Ita daga ofis kallo kawai take iya yi, cajojin ba sa karɓar umarni sai a gabansu. Ya tambaye ta wane ne ya yi. Ta ce ta ina za ta sani, duk wanda ya shiga da lambar nan suna ɗaya injin yake rubuta masa, mai gyara.

"Wacce aka fara buɗewa?"

"Ta bakwai, Baba. Ranar wata Alhamis, ƙarfe biyu da minti goma."

Ya juya ya kalli gurbi na bakwai, ko da yake ba ya bukatar kallo. Farar tasin surukinsa ce a wurin. Ya kuma san Alhamis ɗin. Ranar da asibiti suka ce a zo a ɗauki yaron kafin ƙarfe huɗu, mijin Auta ya kira shi ya ce batir ya kusa ƙarewa, cajar kuma tana tafiyar hawainiya. Shi Baba Testa, da bakinsa, yana tsaye a kan tsani a wani wurin aiki, ya karanta masa lambobin ɗaya-ɗaya, ya gaya masa inda zai danna. Ya ce in ya gama ya mayar da ita yadda take. Bai sake tambaya ba.

Injiniya tana cewa Baba ka kashe su, ka kashe su yanzu, shi kuma ya riga ya fara gudu zuwa ɗakin wuta yana ƙwala wa maigadi kira ya kawo makulli. Taku biyar ya rage masa. Sai ga wata ƙara daga bayan ƙofar ƙarfen, kamar an saki guduma a kan faranti, fitilu suka mutu, kukan cajojin ya yanke. Garejin ya yi tsit, ya yi duhu, sai ɗan hasken da ke saukowa ta ramukan ƙofar fita.

Da suka buɗe ɗakin, hayaƙi ya fara fitowa kafin su shiga. Ya haska da wayarsa. Babban makunnin ya narke ta gefe guda, baƙin ruwan roba ya zubo ya daskare a jikin allon. Maigadi, bawan Allah, har ya miƙa hannu zai ɗauko sandarsa. Baba Testa ya riƙe masa wuyan hannu ya ce in ya taɓa wannan abin, gawarsa za a fitar. Wutar ginin nan ba ta dawowa yau, ba ta dawowa gobe, sai an cire makunnin an sa sabo.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa, hasken ya nuna sunan Auta. Wallahi sai da ya ji kamar kada ya ɗauka.

Muryarta a kwance take, irin kwanciyar da ta fi kuka ban tsoro. Ta ce Baba wuta ta ɗauke, injin ya yi ƙara ya tsaya, ta mayar da yaron kan tukunya. Ta tambaye shi ko ya san minti nawa za a yi, tunda maigadi yakan dawo da ita da wuri. Ya ce mata ba za ta dawo ba. Ya ji ta ja numfashi. Ta ce tukunyar ba ta cika ba, faɗuwar wutar jiya da ta safiyar yau sun ci fiye da rabi, ranar Litinin za a kawo wata. Allurar ma'aunin tukunyar tana ƙasa da rabi sosai. Ya ji muryar mijin a bayanta yana cewa ya kira motar asibiti, sun ce duk suna waje, sai nan da awa guda. A lissafinsa iskar ba za ta wuce minti arba'in ba. Asibiti kuwa tafiyar minti ashirin ce in hanya ta yi kyau.

Baba Testa ya ce su sauko yanzu, ta matakala, lifta ta mutu. Ya ce kafin su fito, mijin ya naɗe makullin mota a tawul ya jefo ta taga. Ya tura maigadi waje ya tsaya yana kallon sama.

Dalilin makullin shi ne wannan. Mota mai lantarki in tana caji, takan cije kan kebul ɗin da wani ɗan ƙarfe don kada wani ya zare. In wuta ta yanke ana tsakiyar caji, wani lokaci ɗan ƙarfen ba ya saki, motar kuma ba ta motsawa muddin kebul yana jikinta. Ya je gurbi na bakwai ya kama kan kebul ɗin ya ja. Kamar ya ja bango. Maigadi ya dawo a guje da tawul, ya danna makullin sau uku, fitilun motar suka yi walƙiya, ƙofofi suka buɗe, amma kebul yana nan daram.

Akwai wata 'yar igiya da masu ƙera motar suke ɓoyewa a cikin but ɗin bayan mota, in an ja ta ƙarfen ya saki. Ya yi wannan aikin ya fi sau hamsin, yana yi yana wa masu motoci ba'a. Yau ya buɗe but ɗin, ya fizge shimfiɗar gefen dama, ya laluba, babu komai. Ya sake lalubawa har farcensa ya karye. Wayar da yake haskawa da ita tana ta zamewa. A ransa yana ƙirga hawa. Yanzu suna na takwas. Yanzu watakila na bakwai. Ya san yadda suke saukowa, don tiyon bai fi kamu uku ba. Auta da yaron a ƙirji, mijin da tukunyar ƙarfe a hannu, dole su taka kowace matakala tare, cikin duhu, in ɗaya ya yi tuntuɓe tiyon ya fita.

Ashe bai kashe kiran Injiniya ba, tana nan tana jira a ɗaya layin. Ta tambaye shi ƙirar motar, ya gaya mata. Ta ce wannan tata igiyar ba a but take ba, a ƙarƙashin kujerar baya take, gefen hagu, wata 'yar madauki ruwan lemo. Ya durƙusa a kan gwiwar da likita ya hana shi durƙusawa a kai, ya cusa hannu, ya same ta. Yatsunsa suka kasa riƙe ta don gumi. Ya zira bakin testa a cikin madaukin ya ja, ya ji ƙas daga bayan motar. Maigadi ya zare kebul ɗin ya yar a ƙasa.

Saura ƙofa. Ƙofar garejin ta ƙarfe ce mai naɗewa sama, ita ma da wuta take aiki. Akwai sarƙa a gefe ta ranar irin wannan, sai dai tun da aka gina ginin ba wanda ya taɓa ta, ta yi tsatsa ta ƙage. Su biyu suka rataya a jikinta, ƙofar ta ɗaga kamar taƙi ɗaya ta tsaya.

Ana haka sai ga wani mai ƙaton tumbi ya sauko da gajeren wando, yana haska waya, yana faɗa tun daga nesa. Wai wane ne ya kashe masa caji, yana da tafiya da yamma. Wai ai shi ya sa shekaranjiya ya bi su duka ya canza lambar, don ya ji ana cewa kamfani za su zo su mayar da su tafiyar kunkuru. Lambar da kowa ya gani a guruf ɗin waya na mutanen gidan, ai gara a hannun mai hankali. Yana faɗa yana huci, ko kunya babu, shi a ganinsa taimakon jama'a ya yi.

A wata rana da Baba Testa ya wanke shi tas. Yau ko kallon fuskarsa bai yi ba.

"Malam, ajiye wayar ka kama sarƙar nan. Jariri ne zai mutu."

Mutumin ya ajiye wayar a ƙasa ya kama. To, tumbin dai ya yi rana. Su uku suka ja, sarƙar tana kuka, tsatsa tana zubo musu a ido, ƙofar tana hawa kaɗan-kaɗan, hasken rana yana shigowa ta ƙasa. Da ta kai tsayin da mota za ta wuce, Baba Testa ya ce su riƙe haka, kada wanda ya saki.

Sai ƙofar matakala ta buɗe. Mijin ne a gaba yana tafiya da baya-baya, tukunyar a rungume, rigarsa sharkaf. Auta tana biye, ba takalmi a ƙafarta. Yaron yana cikin zani a ƙirjinta, ba a ganin komai nasa sai ɗan goshi da tiyon da aka manne masa a kumatu. Baba Testa ya karɓi tukunyar ya duba allurar. Ta taɓa bakin ja. Minti goma sha tara suka ci a matakala.

Ya zauna a baya kusa da 'yarsa, tukunyar a tsakanin gwiwoyinsa, surukin ya ja motar suka haura gangaren. Motar lantarki ba ta da ƙara, don haka ana jin komai, ana jin siririn sautin iskar tana bin tiyo, ana jin ɗan numfashin yaron mai sauri kamar na tsuntsu. Sau ɗaya idon surukin ya haɗu da nasa a madubi. Surukin ya sani. Tun a matakala ya gama lissafinsa, fuskarsa ta nuna. Ya kawar da ido ya mayar kan titi.

Danja ta farko ta ba su hannu. Ta biyu ta tsayar da su, surukin ya leƙa hagu da dama ya keta. A wajen kasuwa suka tarar da cunkoso, wata babbar mota tana juyawa a tsakiyar titi, direbanta yana yi a natse kamar duniyar tasa ce. Surukin ya kwanta a kan oda. Baba Testa ya zura kai ta taga yana roƙon mutane da hannu, shi da bai iya roƙo ba. Ya dawo da ido kan allurar ya ga ta nutse cikin jan. Ya ɗan karkata tukunyar, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, wai ko allurar ce ta maƙale. Ya san ba ta maƙale ba.

Auta ba ta kalli allurar ba ko sau ɗaya. Fuskar uban take kallo, a nan take karanta ta.

Saura layi biyu su kai, sautin ya tsaya. Ba wani abu aka ji ba, shiru ne kawai ya ƙaru a cikin motar. Auta ta buɗe zanin. Yaron yana numfashi, amma ƙirjinsa yana lotsawa ciki da kowane ja, ramin wuyansa yana zurfi. Tana kiransa a hankali, tana shafa masa tafin ƙafa, tana ce masa ga shi an kusa, ga shi an kusa. Baba Testa yana kallon leɓɓan abokinsa suna sauya launi, daga ja zuwa wani abu kamar toka. Duk addu'ar da ya sani ta gudu daga kansa, sai sunan Allah kawai yake maimaitawa. Bai taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da wuta ta jefo shi daga kan falwaya.

Surukin bai tsaya neman wurin ajiye mota ba, a bakin ƙofar gaggawa ya taka birki. Auta ta fita a guje, ma'aikatan jinya biyu suka tare ta, suka karɓi yaron, wata ƙofa mai marfi biyu ta haɗiye su duka. Aka bar maza biyu a baranda, ɗaya da makullin mota, ɗaya rungume da tukunyar da babu komai a ciki.

Suka zauna a benci, da tazarar mutum biyu a tsakaninsu. Can surukin ya zame daga bencin ya tsuguna, kansa a ƙasa. Ya ce Baba ni ne. Bai mayar da cajar yadda take ba, don ya ga yana samun fita aiki da wuri. Maƙwabcinsa na gurbi na takwas ya ga tasa tana sauri, ya dame shi da tambaya, ya gaya masa, shi kaɗai, ya kuma roƙe shi ya riƙe a cikinsa. Bai san ta kai guruf ba sai da ya gan ta da idonsa, kunya ta hana shi faɗa. Baba Testa ya ce ya tashi. Ya ce masa ai direba bai san abin da kebul yake iya ɗauka ba. Wanda ya sani shi ne ya karanta masa lambar.

Injiniya ta sake kira. Ta fara tambayar yaron, ya ce suna ciki. Sannan ta ce ta yi magana da manaja, ya amince da abin da ta daɗe tana nema. Kowace caja da lambarta, kuma ba a hannun kowa za ta zauna ba. Mai gyara in ya zo aiki, ofis zai tura masa lamba a wayarsa, ta yi awa guda ta mutu, injin kuma ya rubuta sunansa. In an danna kuskure sau uku, caja ta kulle ta sanar da ofis. Iyakar wutar kuma ba za a bar ta a hannun maɓalli kaɗai ba, za a sa wa cajoji nasu makunnin da zai faɗi tun kafin na gida ya ji nauyi. Amma duk wannan sai an bi su ɗaya-ɗaya da ƙafa, don daga ofis ba sa jin magana. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Shi dai to yake cewa, to, to.

Sun fi rabin awa a wurin kafin likita ta fito. Ta ce yaron ya dawo, launinsa ya dawo, yana kan iskar asibiti. Za su riƙe shi kwana biyu su sa masa ido, amma ba ta ga abin tayar da hankali ba. Ta ce da an ƙara minti biyar da wani zancen ake yi. Surukin ya rufe fuska da tafin hannu yana kuka kamar yaro. Baba Testa ya miƙe. Ya ajiye tukunyar a karo na farko, ya je famfo ya wanke tsatsa da jinin farcensa, ya wanke har gwiwar hannu da sabulu, yadda ake sa su yi kafin a shiga wurin jarirai.

Da ya dawo, Auta tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, mijin a gefenta kansa a sunkuye. Mijin ya riga ya gaya mata komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Wani ya ba ta aron silifas da suka yi mata yawa. Ta tsaya a tsakiyar ƙofar, ba ta matsa ba.

"Baba, gini nawa ka sa wa lambar nan?"

Ya so ya ce ba shi kaɗai ba ne, duk garin haka ake yi. Ya haɗiye.

"Arba'in da ɗaya."

"Yau Asabar. Kowa motarsa tana gida." Ta kalli hannuwansa da ke ɗigar ruwa. "Ba ni kaɗai ce mai ɗa ba, Baba."

Ya ce bari ya gan shi dai, ko minti ɗaya. Ta ce in ya gama bin gine-ginen zai same shi, yana nan. Wannan yarinya da bai taɓa ce mata a'a ba, yau ita ce take ce masa, kuma ya rasa ta inda zai ce ba ta da gaskiya. Abin ya yi masa ciwo har cikin ƙashi.

Ya leƙa ta saman kafaɗarta. Daga inda yake ba a ganin fuskar yaron, sai tafin ƙafa ɗaya da ya fito daga zani, ja, yana ɗan motsi. Ya tsaya yana kallonsa har wata ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa ta ja labule.

Ya goge hannuwansa a jikin wando, ya juya. A bakin ƙofar asibitin ya kira Injiniya ya ce ta karanto masa ginin da ya fi kusa cikin sauran arba'in ɗin.